Barcin iri: Me ke sa sabuwar shinkafa ƙin tsirowa a gonakin Kura da Bunkure?

A yankin noman rani na Kogin Kano, tun daga Kura har zuwa Bunkure da Garun Malam, ba baƙon abu ba ne manomi ya jiƙa irin shinkafa, ya yafa a wurin reno, ya jira kwana biyar, ya ƙara biyu, amma abin da ya fito bai kai rabin abin da ya zuba ba. Nan take zargi kan faɗa a kan wanda ya sayar da irin, ko maƙwabcin da ya auna masa, ko kuma shirin gwamnatin da ya raba shi. Sau da yawa zargin yana kan hanya, domin jabun iri da mataccen iri suna yawo a kasuwanni. Sai dai akwai lokutan da irin lafiyarsa ƙalau, ƙwayarsa cike take, kuma da an ba shi makonni uku ko huɗu a buhu da ya tsiro kusan gaba ɗaya. Laifinsa ɗaya ne: sabo ne.

Masana ilimin tsirrai suna da suna ga wannan al'amari. A Turance suna ce masa after-ripening, wato nunar da iri ke ƙarasawa bayan an raba shi da uwarsa. A Hausa za a iya kiransa nunar bayan girbi, halin da irin ke ciki kafin ta kammala kuma a kira shi barcin iri. Kalmar ta daɗe a littattafai. Tun a 1913 wata masaniya Ba'amurkiya, Sophia Eckerson, ta wallafa bincike a kan sauye-sauyen da ke faruwa a cikin iri a wannan lokaci, sannan a 1916 William Crocker ya jera dalilai daban-daban da ke hana iri mai rai tsirowa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, nuna iri biyu ce. Akwai ta ido, wadda kowa ke gani idan zangarniya ta yi ruwan zinare ta sunkuya, ƙwaya ta yi tauri. Akwai kuma ta ciki, wadda ba a gani, ita ce ke ba iri damar amsa kiran ruwa. Ta farko ta isa a ci ko a sayar. Ta biyu ce ake buƙata idan shuka za a yi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaya

Ƙwayar iri halitta ce mai rai, tana numfashi a hankali ko da tana cikin buhu. A cikinta akwai sinadarai biyu da ke ja-in-ja. Na farko masana na kiransa da haruffan ABA. An gano shi a farkon shekarun 1960, a binciken da ake yi kan abin da ke sa 'ya'yan auduga faɗuwa da abin da ke sa tohon bishiyoyi kwanciya lokacin sanyi. Aikinsa shi ne hana tsiro. Uwar shuka da ita kanta ƙwayar suna tara shi lokacin da ƙwayar ke cika, don kada ta tsiro tun tana kan zangarniya. Na biyu shi ne jibaralin, wanda ke tayar da tsiro, ya sa a narkar da garin da ke cikin ƙwaya don ciyar da sabon tushe. Abin sha'awa, a jikin shinkafa aka fara gano shi: a 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya nuna cewa wata cutar gwari da ke sa shinkafa ta yi tsawo ba kan gado tana yin hakan ne ta hanyar wani sinadari da take fitarwa.

A sabon iri, ɓangaren hani ne ke da rinjaye. Idan irin ya zauna a bushe na wani lokaci, iska tana ratsa shi a hankali tana sauya wasu sinadaran da ke ciki, har ya zama idan ruwa ya taɓa shi yana iya rushe ABA da sauri, kuma yana jin umarnin jibaralin. A shinkafa akwai ƙarin shinge, wato buntu. Ɓawon da ke lulluɓe da sabuwar ƙwaya yana rage iskar da ke isa ga ɗan tsiron da ke ciki, shi ya sa idan aka ɓare sabuwar shinkafa da hannu aka jiƙa ta, takan tsiro fiye da wadda aka bari da buntunta.

Abubuwa biyu ne ke tafiyar da saurin wannan nuna: zafi da yawan danshin da ke cikin ƙwayar. Idan akwai zafi tana sauri, idan akwai sanyi tana jan ƙafa. Idan irin jiƙaƙƙe ne ba ta tafiya yadda ya kamata, ga kuma ruɓewa. Idan ya bushe fiye da kima, nan ma takan tsaya. A Afirka ta Yamma aka yi ɗaya daga cikin muhimman bincike a kan wannan batu. A farkon shekarun 1960, E. H. Roberts, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken shinkafa ta Rokupr da ke Saliyo, ya wallafa jerin nazarce-nazarce da suka nuna cewa tsawon barcin ya bambanta daga irin shinkafa zuwa wani, kuma yana gajarta bisa ƙa'ida gwargwadon yadda zafin ma'ajiya ya ƙaru. Daga baya masana gado sun gano ƙwayoyin halittar da ke riƙe da linzamin abin: ɗaya a 2006 a jikin wani ƙaramin tsiro da ake gwaji da shi a ɗakunan bincike, wata kuma a 2010 a jikin shinkafa, a hannun masana na Japan.

Ya kamata a rarrabe wannan da wani nau'in jinkiri da mutanenmu suka fi sani. Ƙwallon kuka da na bagaruwa da na gawo ba sa saurin tsirowa ne saboda taurin ɓawo da ke hana ruwa shiga. Maganinsu a kankare ɓawon, ko a zuba musu ruwan zafi, ko su bi ta cikin dabba, shi ya sa ake yawan ganin tsiron gawo inda shanu da awaki suka yi sheƙa. Shinkafa kuwa tana shan ruwa ta kumbura sarai, amma ta ƙi motsi. Kankara ba ta yi mata magani, lokaci take nema.

Dalilin da ya sa kakanninmu ba su damu da shi ba

A tsarin noman damina na ƙasar Hausa, wannan barci bai taɓa zama matsala ba, domin yanayi ya riga ya tanadar masa lokaci. Ana girbe gero a watan Satumba, dawa a Nuwamba, a ɗaura dami a jefa a rumbu, ba za a taɓa irin ba sai ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni. Wata shida zuwa takwas ke nan, ciki har da zafin bazara na Maris da Afrilu. Duk barcin da iri ke da shi ya wartsake kafin a ɗauki sungumi. Hasali ma barcin kariya ce. Tsohuwar shinkafar Afirka, jar nan da aka fara nomawa a fadamun Kogin Neja a ƙasar Mali ta yau kimanin shekara 3,000 da suka wuce, wadda kuma aka daɗe ana nomawa a fadamun Sakkwato da Rima, tana da barci mai nauyi da kan kai watanni. Hikimar a bayyane take: ƙwayar da ta zuba a laka lokacin da ambaliya ke janyewa, in ta tsiro nan take rani zai kashe ta. Wadda ta jira ita ce ke ganin damina mai zuwa.

Dam ɗin Tiga ne ya sauya wannan lissafi. An kammala shi a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga gare shi ake sako ruwan da ke bin manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Tun 1976 akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da wannan tsari. An tsara kashi na farko na aikin zai ɗauki kimanin hekta 22,000. A shekarun farko alkama da tumatir ne suka mamaye rani, shinkafa da masara kuma damina. Alkama ba ta da matsalar barci a nan: ana girbe ta a Maris ko Afrilu, ba a sake shuka ta sai tsakiyar Nuwamba. Damuwarta akasin haka ce, wato kada zafi da danshin damina su kashe irin a ma'ajiya kafin lokacin shuka.

Amma a 'yan shekarun nan shinkafa ta ci rani ta ci damina. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, da yawaitar injinan casa a Kano, duk sun sa farashin shanshera ya ja hankalin manoma zuwa noman shinkafa sau biyu a gona ɗaya. Nau'o'i irin su FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, suna nuna cikin kimanin wata huɗu, don haka abin yana yiwuwa. Sai dai ratar da ke tsakanin girbi da shuka, wadda a da take watanni, ta koma makonni, wani lokaci kwanaki.

Akwai gaɓoɓi biyu a shekara da abin ke ƙuntata, kuma kowace da irin tarkonta. Ta farko ita ce ta ƙarshen rani. Wanda ya yi dashe a Fabrairu zai yi girbi a Mayu ko Yuni, daidai lokacin da ake son zuba renon damina. Zafi yana nan, wanda ke taimakon nunar, amma iska ta fara ɗaukar danshi, hadari na iya tasowa a kan shanya, kuma manomi na cikin gaggawa. Ta biyu ita ce ta bayan damina. Shinkafar da aka yanka a Oktoba ko Nuwamba tana bushewa da kyau saboda iskar hunturu, amma sanyin Disamba da Janairu yana rage saurin nunar ciki. Ga shi kuma shinkafa ba ta son ruwan sanyi: ko irin da ya gama barcinsa yakan yi nawar tsirowa idan dare ya yi sanyi sosai. A nan dalilai biyu ne ke haɗuwa a fangali ɗaya, manomi kuma abu ɗaya yake gani, wato reno ya yi gibi.

Yawancin nau'o'in shinkafar zamani barcinsu ba shi da nauyi irin na jar shinkafar gargajiya, makonni ne kaɗan. Amma makonni kaɗan ɗin su ne dukan ratar da ta rage.

Asarar da ba ta shiga lissafi

Idan reno ya ƙi, asarar ta wuce kuɗin iri. Manomi zai sake nemo wani irin a lokacin da kowa ke nema, farashi ya hau. Zai rasa mako biyu ko uku, wanda ke tura fitar zangarniyar shinkafar rani cikin tsananin zafin Afrilu, lokacin da zafi kan busar da fure ƙwaya ta fito holoƙo, ko kuma ya tura ta damina zuwa bayan ɗaukewar ruwa. Wanda bai sake zubawa ba, ya haƙura da abin da ya fito, zai sami shuka mai tsiro bi-da-bi: wasu sun girma wasu na fitowa, ba za su nuna tare ba, kuma a wurin casa ɗanyar ƙwaya da busasshiya suna haɗuwa shinkafa ta kakkarye. Mai saye a kasuwar Kura ya san wannan, kuma da shi yake karya farashi.

Akwai wata illar da ta fi ɓoyuwa. Ƙwayoyin da suka zuba a gona lokacin girbi, in suna barci, ba sa tsirowa a kashe su lokacin gyaran gona. Suna kwance a laka sai an dasa sabuwar shuka su fito a matsayin gyauro. Idan nau'in bara daban ne da na bana, iri ya gauraye ke nan. Haka shinkafar daji ke dawwama a fadama: tana kaɗe ƙwayarta da wuri, ƙwayar kuma tana da barci mai tsawo, wasu su tashi bana wasu baɗi. Ga wanda ke noma iri don sayarwa, wannan kaɗai ya isa ya sa a ƙi amincewa da gonarsa.

To me zai hana masana su cire barcin gaba ɗaya? Sun gwada, kuma an ga sakamakon. Nau'in da ba shi da barci ko kaɗan yana tsirowa a kan zangarniya idan ruwan ƙarshen damina ya tsawaita ko shuka ta kwanta a ruwa. Ƙwayar da ta fara tsiro ta lalace, ba ta kyau a tukunya ba ta kyau a gona. Manoman alkama da sha'ir a Turai da Amurka da Ostareliya suna tafka asara mai yawa ta wannan hanya a shekarun da ruwa ya riski girbi. Manoman gyaɗa a Kano ma sun san abin: nau'o'in da ke nuna da wuri yawanci ba su da barci, idan ruwa ya ƙara sauka bayan sun nuna sai su tsiro a cikin ƙasa kafin a cire, alhali masu daɗewa suna iya jira. Abin da masu kyautata iri a cibiyoyi irin su ta Badeggi da ta Samaru ke nema shi ne matsakaici: barcin da zai tsare ƙwaya a gona, ya kuma sake ta da wuri a buhu.

Babu tsiron da ya ƙware a wannan dabara kamar wuta-wuta, ƙudujin da ke cinye dawa da gero da masara a gonakin tudu na Bunkure da sauran ƙasar Kano. Tushe ɗaya yana zubar da ƙwayoyi dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura. Da farko suna buƙatar nunar bayan zuba ta watanni, wadda ke kai su ƙarshen rani. Sannan suna buƙatar kwanaki a cikin danshi da ɗumi. Duk da haka ba za su tsiro ba sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, domin in ba uwar ɗaki a kusa mutuwa za su yi. An fara ware irin wannan sinadari a 1966 daga saiwar auduga. Auduga da waken soya suna iya tayar da ƙwayar wuta-wuta amma ba sa ciyar da ita, shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar juya shuka da su. Ƙwayar da ba ta ji kira ba kuwa tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma.

Yadda ake gane mai barci da matacce

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. A ɗebo ƙwaya 100 daga sassa daban-daban na buhu, sama da tsakiya da ƙasa, a jera su a kan tsumma mai danshi, a naɗe, a ajiye a wuri mai ɗumi, a riƙa yayyafa ruwa. A ƙirga waɗanda suka tsiro a rana ta 5, a ci gaba har rana ta 14, wanda shi ne wa'adin da ƙa'idojin gwajin iri na duniya suka ba shinkafa. Idan 80 ko fiye suka fito da saiwa da toho lafiyayyu, irin ya yi. Idan ba su kai ba, sai a duba waɗanda suka rage. Matacciyar ƙwaya takan yi laushi, ta yi fumfuna, ta yi wari, in an matsa ta fashe. Mai barci tana nan da taurinta, tsaf, kamar ba a jiƙa ta ba. A ɓare kaɗan daga cikinsu a mayar cikin tsumman. Idan suka tsiro bayan an cire buntu, barci ne. A ɗakunan bincike akwai wani ruwan sinadari da ake kira tetarazoliyam, wanda ke rina ɗan tsiro mai rai ja cikin sa'o'i, amma tsumma da haƙuri suna ba da amsa kusan iri ɗaya.

Muhimmin abu shi ne a yi gwajin mako biyu kafin ranar zuba reno, lokacin da akwai sauran dama.

Idan an tabbatar barci ne, hanyar da cibiyoyin bincike ke bi, ciki har da cibiyar shinkafa ta duniya da ke Filifin, ita ce a ajiye busasshen iri a zafin digiri 50 na tsawon kwana 4 zuwa 5. Manomi ba shi da na'urar da ke riƙe zafi daidai, amma yana da rana. Shanya iri a kan tamfol na 'yan kwanaki, da kauri matsakaici, ana juyawa, ana tattarawa da yamma kafin raɓa, tana rage barcin sosai. Akwai sharaɗi guda da ba a wasa da shi: sai iri ya bushe tukuna zai jure zafi. Ɗanyar shinkafa da aka baza a kan kwalta ko siminti da tsakar ranar Afrilu tana iya dahuwa a tsaye, ɗan tsiron ya mutu ƙwayar kuma tana nan da kyan gani. Shanyar bakin titi da ake gani a hanyar Zariya ta dace da shinkafar ci, ba ta dace da ta iri ba. Ita kuwa shinkafar da aka turara, komai kyanta, ba ta taɓa tsirowa, kuma hanya ce da marasa tsoron Allah ke cika buhu da ita.

Mafita mafi sauƙi ita ce tsallake kaka: irin damina a ajiye shi don damina mai zuwa ko ƙarshen rani, irin rani kuma don rani mai zuwa. Sai dai wannan ma yana da farashi, domin nuna da tsufa a kan hanya ɗaya suke. Zafin da ke tayar da iri daga barci, in ya ci gaba, shi ne ke kashe shi. Akwai wata ƙa'ida da masanin iri J. F. Harrington ya shahara da ita: duk ragin kashi 1 cikin 100 na danshin ƙwaya yana ninka tsawon ranta, haka ma duk ragin digiri 5 na zafin ma'ajiya. Shinkafar iri tana son danshinta ya sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin 100, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango, in da hali a cikin buhu mai hana iska shiga. Wanda talauci ko bashi ya tilasta masa sayar da duk abin da ya girbe a bakin gona ba shi da wannan zaɓi. Zai dawo kasuwa ya sayi abin da ya samu, kuma abin da ya fi yawa a kasuwa a wannan lokaci shi ne sabon girbi.

Inda hukuma ta shigo

A nan ne batun ya tashi daga ilimin tsirrai ya shiga harkar mulki. Najeriya tana da Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, NASC, wadda aka sabunta dokarta a 2019, kuma ta ɓullo da tambarin Seedcodex da ake kankarewa a tura lambar ta waya don tantance buhu. Ƙungiyar ECOWAS ma tana da ƙa'idar iri ta bai ɗaya tun 2008. Wannan ci gaba ne, kuma yana maganin jabu. Amma ga wani lungu da ba a cika magana a kai ba. Ƙa'idojin gwaji na duniya sun yarda ɗakin bincike ya karya barcin iri da zafi ko da sinadari kafin ya ƙirga tsiro, domin abin da ake son sani shi ne ko irin yana da rai. Saboda haka takarda na iya nuna kaso mai kyau, kuma gaskiya ta faɗa, amma buhun da ya isa hannun manomi mako biyu bayan girbi ya ba da abin da bai kai haka ba a fangali. Babu wanda ya yi ƙarya, manomi kuma ya yi asara.

A ganina, abin da ƙungiyoyin manoma da masu amfani da ruwa ya kamata su nace a kai ƙarami ne kuma ba shi da tsada: kowane buhun iri ya nuna watan da aka girbe shi ƙarara, tare da makonnin da nau'in ke buƙata kafin a shuka, a rubuce da Hausa. Duk shirin gwamnati da ke raba iri a matsayin bashi ya yi gwajin tsiro a gaban wakilan manoma a wurin rabo, ba tare da karya barci ba, kafin a sa hannu. A shirye-shiryen bashi da ake ba da kayan noma maimakon kuɗi, manomi ba shi ya zaɓi irin ba, ba shi ya zaɓi ranar kawo shi ba, amma shi ake bi bashi in reno ya ƙi. Ɗan kwangilar da aka matsa wa ya kawo tan-tan na iri cikin gaggawa zai nufi inda kaya suke da yawa da araha, wato sabon girbi.

Akwai kuma batun jadawalin ruwa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, ciki har da na Kogin Kano, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su sami murya a tafiyar da magudanai. Ranar da aka buɗe ruwa da ranar da aka rufe don gyara su ne ke yanke ranar dashe, ranar dashe ke yanke ranar girbi, ita kuma ta yanke yawan kwanakin da iri zai samu ya huta. Idan an yi jinkirin sakin ruwan rani da wata guda, girbi zai faɗa cikin Yuni, kuma dubban manoma za su zuba renon damina da irin da bai yi kwana goma da barin gona ba. Injiniyan da ke tsara jadawalin yana lissafin yawan ruwan da ke Tiga da yashe magudanai da kachala ta toshe. Kwanakin da ƙwayar shinkafa ke buƙata a buhu ma lissafi ne da ya cancanci zama a kan teburinsa, kuma tashar bincike ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana tsakiyar gonakin, inda za a iya auna barcin kowane nau'in da manoman yankin ke shukawa, a rani da damina, a kuma sanar da sakamakon ta rediyo kafin lokacin zuba reno.